Shokola iri-iri ce: mu san abin da muke saye

A kantunan Gidan Sori da teburan masu shayi muna ganin shokola, wadda a Nijeriya ake kira cakulan. Yara suna sonta, mata masu yin gato na sayarwa suna aiki da ita. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Daga ina take?

Ana yin ta da ƴaƴan itacen koko. Wannan ba kokon gero ba ne. Itacen yana son ruwa da inuwa, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu. Kodebuwa ce ta fi kowa noma shi, sai Gana. Ana shanya ƙwayar, a soya, a niƙa. Kusan rabinta mai ne. In an matse man, sai tunkuzar ta zama gari, kamar yadda muke yi da gyaɗa.

Ire-irenta

1. Garin koko zalla: yana da ɗaci, babu sukari. Shi ya fi dacewa da gato.
2. Baƙar shokola: koko da mansa da sukari kaɗan.
3. Mai madara: koko kaɗan, sukari da yawa.
4. Farar shokola: man koko ne da madara da sukari, babu garin.
5. Ta kwaikwayo: an cire man koko, an sa man kwakwa ko wani mai araha.

Ta gaske tana narkewa a baki nan da nan. Ta kwaikwayo tana barin maiƙo a ganɗa, amma ta fi jure zafin rana.

A shekarar 2024 kuɗin tan ɗaya na koko ya wuce dalar Amurka 10,000. In koko ya yi tsada, masu masana'antu sukan rage shi. Tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa wani mai, kamar man kaɗanya, amma kada ya wuce kashi 5 cikin 100.

Karatunmu ya yi rana

Mu juya gwangwani mu duba bayansa. Abin da aka fara rubutawa cikin jerin kayan haɗi shi ya fi yawa. "Cacao" shi ne koko, "sucre" shi ne sukari. In "sucre" ne a gaba, to sukari muka saya da tsada.

Mai yin gato da ba ta samu baƙar shokola ba, ta haɗa cokali 3 na garin koko da cokali 1 na man gyaɗa.

Abin da ke hannunmu

Agye da Gazawa ƙasar aya ce, gyaɗa kuma muna da ita. Soyayyar aya in an daka, garinta yana da zaƙi da ƙamshi. Launinsa da ɗanɗanonsa ba na koko ba ne, amma yana yin daƙuwa da kunu mai kyau. Mu tsince gyaɗar da ta yi fumfuna mu zubar, domin tana cutar da hanta.

Jariri nono kaɗai yake bukata har wata 6. Bayan nan, kunun gero da gyaɗa ya fi shokola gina jiki. Yawan sukari yana ɓata haƙora, yana hana yaro cin tuwo. Shokola ta marmari ce. Kada kuɗin cefane ya tafi a kanta.