Hanyar Shiga Jami'a Ga Mai Takardar NCE

Kowace shekara, in ƙarshen zango ya gabato, tambaya guda ce 'yan aji uku su ka fi yi mini, watau yaya mutum zai yi ya wuce jami'a bayan ya gama nan. Wannan tambaya ce mai kyau, amma ni a ganina ɗan aji ɗaya ya fi cancanta ya yi ta, gama tun ran gini tun ran zane. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta amsar a nan, don babba da yaro su karanta, kowa ya san inda ya dosa tun da sauran lokaci.

Abin da na ke so ku riƙe shi ne wannan: jami'a ba ta ganin fuskarku, takardunku ta ke gani. Takardun nan kuwa tilas bakinsu ya zo ɗaya. In sakamakon sakandare ya faɗi abu kaza, takardar NCE ta faɗi wani, fannin da ku ke nema kuma ya bukaci wani dabam, to ko da kun fi kowa ƙoƙari a aji, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Asalin tsarin

Bari mu ɗan waiwaya baya, don wanda ya san dalilin doka ya fi saurin kiyaye ta. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a ƙasar nan, a Ibadan, ƙarƙashin Jami'ar Landan. A 1960 aka buɗe ta Nsukka, a 1962 kuma ta Zariya da ta Ikko da ta Ife su ka fara karatu. A zamanin nan kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta da kanta. Sai ya zama yaro guda ya nemi wuri uku ya samu duka, ya tafi ɗaya ya bar gurbi biyu babu kowa, alhali kuwa ga waɗansu can zaune gida ba su sami ko ɗaya ba. Don a kawar da wannan ɓarna aka kafa hukumar JAMB a 1978, ta zama ita ce ƙofa guda da kowa zai bi. A 2010 aka koma yin jarrabawa guda, mai suna UTME, ga mai son jami'a da mai son kwalejin ilmi da mai son kwalejin fasaha. Tun 2015 kuma a kwamfuta a ke yin ta.

Ƙofofi biyu

Akwai hanya biyu ta shiga karatun digiri na farko. Ta farko ita ce ta UTME. Mutum zai zauna jarrabawa a darussa huɗu, Turanci dole ne, sauran ukun kuwa fannin da ya ke nema shi ke ƙayyade su. Jimlar maki 400 ne. Wanda ya shiga ta nan daga aji ɗaya zai fara, ya yi shekara huɗu a yawancin fannoni, biyar a irin su lauya da injiniya, shida a likita.

Ta biyu ita ce shiga kai tsaye, wadda a ke kira DE a taƙaice, ita ce kuwa taku. An tanade ta don masu riƙe da shaidar da ta ɗara ta sakandare, kamar NCE, ko difloma, ko sakamakon IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa. Wanda aka ɗauka ta nan aji biyu a kan sa shi, watau digirin shekara huɗu ya koma masa uku. Ku lura, ita ma wannan hanya ta JAMB ta ke bi. Sai an sayi fom ɗinta, an yi rajista a cibiyar da hukumar ta yarda da ita, kuma kwanakin rajistarta su kan bambanta da na UTME. Wanda ya yi sakaci aka rufe, sai baɗi.

Takarda ta farko: sakamakon sakandare

Ɗalibai da yawa su na zaton da zarar NCE ta zo hannu, an gama da maganar WAEC da NECO. Ba haka ba ne. Jami'a za ta fara duba sakamakon sakandare tukuna, sa'an nan ta dubi na kwaleji. Ƙa'idar da aka sani ita ce kiredit biyar a darussan da su ka dace da fannin, a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Ma'anar zama biyu ita ce a haɗa sakamakon jarrabawa biyu, misali WAEC ta wata shekara da NECO ta wata. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba a lissafa su cikin biyar ɗin.

Turanci tilas ne ga kowane fanni. Lissafi tilas ne ga mai son kimiyya da fasaha da ilmin zamantakewa, irin su tattalin arziki. Ni dai shawarata kowa ya neme shi, ko wane fanni ya dosa, don ya kan buɗe ƙofofin da rashinsa ke rufewa. Ban da waɗannan, kowane fanni yana da nasa. Mai son lauya, ko digirin Turanci, sai da kiredit a Adabin Turanci. Mai son koyar da ilmin halittu a kan nemi kiredit ɗinsa a ilmin halittun da Kimistiri. Fannin likita ma jami'o'i da dama ba su karɓar zama biyu, sai ɗaya.

To, ga aikin da na ba kowa yau. Ka ɗauko sakamakonka na sakandare, ka ƙirga kiredit ɗinka, ka ga ko waɗanda fanninka ke so su na ciki. In da giɓi, ka cike shi tun kana nan. WAEC da NECO duk su na shirya jarrabawa don waɗanda su ka riga su ka bar sakandare, ana iya zaunawa ba tare da an bar karatun kwaleji ba. Ɗan aji ɗaya yana da zarafi sau biyu ko uku kafin ya gama. Wanda ya jira sai aji uku, ga aikin koyarwa na gwaji ga jarrabawar ƙarshe, ya haɗa wa kansa gudu da susar gindi.

Takarda ta biyu: NCE

Kun san yadda a ke auna sakamakonmu: A maki 5, B maki 4, C maki 3, D maki 2, E maki 1. Jami'o'i da yawa su na son aƙalla C a darussan koyarwa biyu da mutum ya haɗa, waɗansu kuma jimlar maki su ke ƙayyadewa, su haɗa da na ilmin koyarwa. Saboda haka wanda ya ce shi dai ya wuce ko da E ne, zai sami takarda, amma mai yiwuwa ba za ta kai shi aji biyu na jami'a ba. Sakamakon ƙarshe kuwa tarin na shekara uku ne, ba na zangon ƙarshe kaɗai ba. Abin da aka zubar a aji ɗaya da wuya a kwashe shi duka a aji uku.

Bayan maki sai dacewa. Darussan da ka haɗa a nan su ne za su nuna fannin da za ka iya nema a can. Wanda ya haɗa Hausa da Turanci yana iya neman digirin Hausa, ko na koyar da Hausa, ko na koyar da Turanci. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk su na ba da digirin Hausa. Amma in wannan ɗalibi ya cika fom yana neman aikin akanta ta hanyar shiga kai tsaye, ya yi asarar kuɗinsa, don ba abin da ya haɗa takardarsa da fannin. Wanda ya ƙudura lalle sai ya sauya fanni, hanyarsa ita ce ya zauna UTME ya fara daga aji ɗaya. Wannan ba abin kunya ba ne, sai dai ya san shekara guda ya ƙara wa kansa.

Ina za a san abin da kowace jami'a ke so? JAMB tana da kundin ƙa'idoji a shafinta na intanet, kyauta ne, ya jera fanni fanni da jami'a jami'a, har da keɓantattun sharuɗɗan kowace. Ku karanta shi kafin ku zaɓa, kuma ku karanta na shekarar da ku ke nema, don a kan yi gyara. Matambayi ba ya ɓata, amma fa in ya tambayi wanda ya sani. Kada ku dogara ga abin da mai shagon kwamfuta ya gaya muku da ka.

Har wa yau, jami'a za ta so ta tabbatar takardar ba ta jabu ba ce. Don haka a kan nemi kwaleji ta aika da cikakken sakamakon ɗalibi, darasi darasi, daga ofishinta zuwa ofishin jami'a. Wannan ya kan ɗauki lokaci. Ku biya duk abin da a ke bin ku, ku mai da littattafan laburare, ku nema da wuri. Ku kuma adana lambar rajistarku ta JAMB wadda ku ka shigo wannan kwaleji da ita, za a bukace ta.

Suna da ranar haihuwa

Wannan shi ne ƙaramin ƙaya mai hana tafiya. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma sunan da ke jikin lambar shi ne kwamfuta za ta ɗauko. Mu kuwa mun saba rubuta suna yadda ya zo: yau Muhammadu, gobe Mohammed, jibi Mamman. Wani a takardar sakandare sunan mahaifi ya sa, a ta kwaleji ya sa sunan gari. Mutum zai gane duk kai ne, amma kwamfuta mutum biyu ta ke gani. Ku jera takardunku a kan tebur, ku duba suna harafi harafi, ku duba ranar haihuwa. In sun saɓa, a gyara tun kafin rajista. Lambar wayar da za ku yi rajista da ita ma ta zama taku ta kanku, kada ku ara, kada ku yar, don ta nan saƙonni za su riƙa zuwa.

Bayan an cika fom

Cika fom ba shi ne ƙarshen aiki ba. Tilas sakamakon sakandare ya hau shafin JAMB, in bai hau ba ba za a duba sunanka ba. Sa'an nan jami'ar da ka zaɓa za ta yi nata tantancewa, wata da jarrabawa, wata da duba takardu kawai, kuma ita ma tana da ranar rufewa.

Ku sani kuma cika sharaɗi dabam, samun gurbi dabam, gama masu nema sun fi guraben yawa nesa. A jami'o'in tarayya tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da a ke ganin an bar su baya a ilmin zamani. Saboda haka zaɓen jami'a ma lissafi ne. Ka tambayi kanka ko jiharka tana cikin kewayen wadda ka zaɓa, ka kuma tambaya ko fannin na cikin waɗanda a ke turereniya a kansu.

Tun 2017 duk ɗaukan ɗalibai ta wani tsari na JAMB ya ke bi, mai suna CAPS. Jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, sa'an nan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi, ya buga takardar ɗauka. Ku riƙa dubawa a kai a kai, don gurbin da ba a karɓa ba ba ya jira har abada. Ga gargaɗi mafi girma: duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai shigar da ku ta bayan gida, ku guje shi. Ɗaukan da bai bi ta CAPS ba hukuma ba ta san da shi ba. Mutum na iya yin shekara uku yana karatu, iyaye su na sayar da hatsi da dabbobi su na biya, ran da za a tura sunaye bautar ƙasa a tarar babu nasa a jerin JAMB. Wannan asara ta fi ta jiran shekara guda zafi.

Wanda ba zai iya barin aiki ba

Na san waɗansunku da sun gama za su kama koyarwa, don akwai ƙanne da iyaye a wuyansu. Ƙofa ba ta rufe musu ba. Jami'o'i da yawa su na da karatun digirin koyarwa na lokacin dogon hutu, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda a ke karatunta daga gida. Karatun hutu ya fi daɗewa, kuma mai irin wannan digiri ba a tura shi bautar ƙasa, takardar keɓewa a ke ba shi. Amma su ma waɗannan hanyoyi kiredit biyar ɗin nan su ke nema, da NCE mai kyau wadda ta dace da fannin. Ko ta ina aka ɓullo, takardun nan ne za su yi magana.

To, jama'a, ga abin da ya rage gare ku. 'Yan aji ɗaya, ku duba kiredit ɗinku a makon nan. 'Yan aji biyu, ku buɗe kundin JAMB ku ga inda darussanku za su kai ku. 'Yan aji uku, ku daidaita sunayenku, ku tanadi kuɗin fom, ku kasa kunne ga ranar buɗe rajista. Wanda ya ga abin da ya shige masa duhu, ya zo da takardunsa a hannu mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.