Sa'ad da Zuciya Ta Tsaya

'Yan'uwa, a wurinmu idan aka taɓa ƙirjin mutum aka ji shiru, sai a rufe shi da mayafi, a aika a gaya wa dangi. Amma likitoci sun gane akwai ɗan lokaci tsakanin tsayawar zuciya da mutuwa. Aikin zuciya shi ne tura jini, jini kuwa shi ke kai iska ga ƙwaƙwalwa. In jini ya daina zuwa, bayan minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa. Cikin wannan ɗan lokaci ne a ke kokawar ceton rai.

A shekara ta 1947, a birnin Cleveland na Amurka, zuciyar wani yaro ɗan shekara 14 ta rikice ana cikin yi masa aiki. Likita Claude Beck ya yi ta matsa zuciyar da hannunsa har minti 45, ya kuma buge ta da wutar lantarki. Yaron ya warke sarai. A 1960 likitocin asibitin Johns Hopkins a Baltimore suka nuna ba sai an tsaga ƙirji ba, danna shi da ƙarfi daga waje ya isa ya tura jini. A lokacin gwaji ne, yanzu kuwa har yaran makaranta a kan koya musu.

Akwai zuciyar da ko an danna, ko an sa lantarki, ba za ta tashi ba. Domin irin wannan ne aka gwada wani inji mai yin aikin zuciya da huhu tare. A kan sa bututun roba biyu cikin manyan jijiyoyin gindin cinya. Ɗaya ya kan fitar da jini, injin ya sa masa iska, ɗayan ya mayar da shi cikin jiki, likitoci kuwa su sami zarafin buɗe jijiyar zuciya da ta toshe. A 2020 likitocin Minnesota suka ba da labarin gwajinsu: cikin mutum 14 da aka bi da su ta wannan hanya, 6 sun fita asibiti da rai, cikin 15 da aka yi wa aiki irin na dā, 1 kaɗai. Amma kada mu yi garaje. A 2023 aka ba da labarin gwaji irinsa daga ƙasar Holan, waɗanda suka rayu da hankalinsu 20 ne cikin 100 a gefe ɗaya, 16 cikin 100 a ɗayan, bambancin bai taka kara ya karya ba. Injin ba ya amfani sai an kai mutum da sauri ga hannun da ya saba da shi, ga kuma tsada.

Wani gwajin ya fi wannan ban mamaki. Mutumin da aka soka da wuƙa ko aka harba, jininsa ya zube har zuciya ta tsaya, sai a ɗura masa ruwan gishiri mai sanyi ƙwarai cikin babbar jijiya, zafin jikinsa ya sauko daga digiri 37 zuwa 10 ko 15. Ƙwaƙwalwa mai sanyi ba ta bukatar iska da yawa, likita ya kan sami wajen awa 2 ya ɗinke raunin. A 2019 Likita Samuel Tisherman na Baltimore ya ce sun fara yi wa mutum.

To, wannan ta da matattu ke nan? Mu dai mun ce a'a. Waɗansu su kan ce Elisha ma haka ya yi da ya kwanta bisa ɗan matar Shunem, baki da baki (2 Sarakuna 4). Ba mu yarda ba, gama yaron ya mutu tun da tsakar rana, uwarsa ta tafi har Dutsen Karmel ta komo, Elisha kuma ya fara da addu'a. Li'azaru kuwa kwanansa 4 cikin kabari (Yohanna 11), babu injin da zai kai can. Likita ya kan tare mutum a bakin ƙofa, Ubangiji ne kaɗai ke kirawo wanda ya riga ya shige. Saboda haka mai bi ba shi da dalilin jin tsoron wannan aiki, kamar ana jayayya da Allah.

Abin da ya fi damunmu shi ne yarda. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba ya iya cewa i ko a'a, ba kuma lokacin neman danginsa. A 1996 Amurka ta yi doka a iya yin irin wannan gwaji ba da izinin marar lafiya ba, muddin an shawarci jama'ar wurin tukuna. Wani kuma ya kan rayu, amma bai ƙara sanin matarsa ba. Wa ya zaɓa masa wannan? Dattawan ekklesiya su yi shawara a kai, gama su a kan kira bakin gado.

Mu da ba mu da inji, muna da hannu biyu. In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a aika neman taimako, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin inci 2, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. In wannan ya gaji, wani ya karɓa, kada a tsaya sai ma'aikacin asibiti ya iso.