Mai Aikawa, Saƙo da Mai Karɓa: Yadda Babbar Manhaja ke Aika Sigina ga Ayyukanta

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san cewa sadarwa ba ta cika sai da abubuwa uku: mai aikawa, da saƙo, da mai karɓa. A wannan maƙala zan auna waɗannan abubuwa a fagen da ba mu saba shiga ba, wato cikin kwamfuta. Zan yi bayanin yadda masu tsara babbar manhaja suka shirya hanyar aika sigina ga ayyukan da ke gudana a na'ura, sannan in nuna cewa inda suka fi shan wuya shi ne wajen ambaton wanda ake nufi da saƙon. Wannan ya shafe mu, domin mu ne za mu sama wa waɗannan abubuwa sunaye a Hausa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, kamar Linux da Windows da Android. A tsakiyarta akwai ɓangaren da ke rabon lokaci da ma'adana, wanda zan kira cibiya. Duk manhajar da aka buɗe tana gudana, ita ce zan kira aiki, kuma cibiya kan ba kowane aiki lambarsa. Wannan nazari ya tsaya ne ga dangin Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Linux ta bi tsarin Unix, Android kuwa a kan cibiyar Linux aka ɗora ta. Ke nan wayoyin Tecno da Infinix masu Android da ke hannunmu duk suna cikin wannan dangi.

Kalmar sigina ba baƙuwa ba ce a garinmu Kafanchan. Tun wajen 1927 garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Siginar dogo ba ta doguwar magana, abin da take gaya wa direba bai wuce "tsaya" ko "wuce" ba. Haka siginar kwamfuta take. Lamba ce ƙwaya ɗaya wadda kowa ya san ma'anarta tun kafin a aiko ta.

3.0 Saƙon Kansa

Ga huɗu daga cikin siginonin da aka fi sani:

SIGHUP, lamba 1: layi ya katse. Ta samo asali ne daga zamanin da ake haɗuwa da kwamfuta ta wayar tarho.
SIGINT, lamba 2: dakata haka. Ita ce ke tafiya idan aka danna Ctrl da C tare.
SIGTERM, lamba 15: tattara kayanka ka tashi.
SIGKILL, lamba 9: a kawar da aikin nan take.

Idan sigina ta iso, aiki yana da zaɓi uku. Yana iya barin hukuncin da aka tanada ya hau kansa, ko ya yi kunnen uwar shegu, ko kuma ya tare ta ya yi abin da ya shirya, kamar adana rubutun da ba a gama ba. Sigina biyu ne kawai ba a tarewa, ba a kuma yin biris da su: SIGKILL da SIGSTOP, wadda ke tsayar da aiki cak har sai an aiko SIGCONT.

Nahawun Hausa ya fayyace wannan bambanci. "Ka tashi" magana ce da wanda ake so ya tashi, yana iya cewa a ba shi minti biyu. "A tashe shi" kuwa magana ce da wani na uku, shi wanda za a tasa ba a nemi ra'ayinsa ba. SIGTERM ita ce "ka tashi". SIGKILL ita ce "a tashe shi", domin cibiya ce ke zartar da ita, aikin ba ya ko samun damar adana komai. Shi ya sa masana ke fara aika 15, su ɗan jira, sai in ta ƙi sannan su aika 9.

4.0 Mai Aikawa

Hanyar da Unix ta tanada don aika sigina sunanta kill, kuma tana karɓar abubuwa biyu: lambar aiki da lambar sigina. Ba kowa ke da ikon aika wa kowa ba. A ƙa'ida, mutum yana iya aika wa ayyukansa ne kawai, sai babban mai kula da na'ura wanda hannunsa ke kaiwa ko'ina. Da babu wannan shinge, ɗalibi ɗaya zai iya rufe aikin duk waɗanda ke amfani da kwamfuta ɗaya da shi.

5.0 Mai Karɓa

A nan gizo ke saƙa. Matsala ta farko ita ce an ɗora wa gurbi ɗaya ma'anoni da yawa. Idan lambar da aka ba kill ta haura sifili, aiki ɗaya ake nufi. Idan sifili ce, ana nufin duk rukunin da mai aikawa ke ciki. Idan kuwa -1 ce, ana nufin duk aikin da mai aikawa ke da iko a kansa. Abin tsoron shi ne, kiran fork da ake haifar sabon aiki da shi, -1 yake mayarwa idan ya gaza. Mai rubuta manhajar da bai duba ba, ya ɗauki wannan -1 ya miƙa wa kill, ya share ayyukansa duka da hannunsa.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuyar gani: lambar aiki ba ta dawwama. A Linux adadin lambobin ya daɗe a 32,768, ko da yake na'urorin zamani na iya kai shi 4,194,304. Idan aka kai ƙarshe sai a koma baya a riƙa rabon lambobin ayyukan da suka mutu. Mun san irin wannan a layin waya: idan mutum ya daɗe bai yi amfani da layinsa ba, akan sayar wa wani, sai ka aika wa kawunka saƙo ya faɗa hannun baƙo. A ce wata manhaja ta duba ta ga aiki mai lamba 4120 ya cinye ma'adana, ta yanke shawarar kawar da shi. Kafin ta aika, aikin ya mutu da kansa, cibiya ta ba wani sabo lambar. Sigina 9 za ta sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba, wataƙila wanda ke riƙe da kundin digirin wani.

A nazarin harshe, wannan lamba ta fi kama da wakilin suna fiye da sunan yanka. Ni da na tashi da Jju a gida, na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, na saba da Hausar yankinmu inda mutane da yawa ke cewa "shi" ga namiji da mace. Idan aka ce "kira shi", sai ka duba wanda ke wurin a lokacin kafin ka gane. Idan wancan ya tashi wani ya zauna, "shi" ya koma kan sabon. Lambar aiki ma ma'anarta tana rataye ne ga lokacin da aka furta ta. Aikin da ya haifi wani ne kaɗai ya tsira daga wannan, domin cibiya ba ta sake rabon lambar ɗa har sai mahaifinsa ya karɓi labarin mutuwarsa.

6.0 Mafita

Maganin da aka samo shi ne a daina nuni da lamba, a ba mai aikawa abin riƙo da ke ɗaure da aiki ɗaya tak. Zan kira shi mariƙin aiki. FreeBSD ta fito da irinsa a 2012, da kiraye-kirayen pdfork da pdkill. Linux ta biyo baya a 2019: fitowa ta 5.1 ta zo da pidfd_send_signal, aikin Christian Brauner, ta 5.3 kuma ta ƙara pidfd_open. Wanda ke riƙe da mariƙi, idan ya aika sigina bayan aikin ya mutu, cibiya za ta amsa masa cewa babu wannan aiki, ko da an riga an ba wani tsohuwar lambar. Sababbin fitowar Android na amfani da wannan hanya wajen rufe manhajoji idan ma'adanar waya ta cika.

7.0 Darasi ga Mai Fassara

Duk wanda ya fassara kill da "kashe" kai tsaye zai ɓatar da mai karatu ta fuska biyu. Na farko, kill ce ke aika SIGCONT, wadda ke tayar da aikin da ya tsaya, kuma idan aka ba ta sigina sifili ba ta aika komai, tana duba ne kawai ko aikin na nan. Na biyu, "kashe" a Hausa na nufin rufe na'ura ma, kamar a "kashe waya". Don haka ina ba da shawarar a ce "aika sigina" ga kiran gaba ɗaya, "sallama" ga SIGTERM, "kawarwa" ga SIGKILL, "tsayarwa" da "ci gaba" ga SIGSTOP da SIGCONT.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa sigina gajeren saƙo ce, mun ga wanda ke da ikon aika ta, mun kuma ga yadda aka kwashe shekaru da dama kafin a sami amintacciyar hanyar nuna mai karɓa. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai su gwada kalmomin da na kawo a kan masu gyaran waya da masu shagunan kwamfuta na garuruwansu. Wadda suka gane ba tare da dogon bayani ba, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.