Naman Kirsimeti a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi: Shawarwari ga Mai Shirin Tafiya

Duk ƙarshen shekara akwai masu kama hanyar arewacin Zamfara domin yin Kirsimeti. Akwai ɗan kasuwar da iyalinsa ke Sabon Garin Ƙaura Namoda, akwai matar ɗan sanda ko ta ma'aikacin lafiya da aiki ya kai mijinta Zurmi ko Shinkafi, ga kuma Hausawa Kiristoci masu komawa gida wurin dangi. Da yawansu daga Kaduna, Jos ko Abuja suke tasowa, inda ido ya saba da ganin talotalo a kasuwa da zarar Disamba ta kama. Shawarata ga duk mai wannan niyya ita ce ya bar talotalo inda ya gan shi, ya sayi naman da ƙasar ke da shi, ya kuma sarrafa shi tun da sauran kwanaki ta hanyar da ba ta dogara da firji ba.

A fara da maganar hanya

Daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda tafiyar kamar awa ɗaya ce idan hanya lafiya. Daga Ƙaura hanya ke rabuwa: ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi har ta dangana da Isa a jihar Sakkwato, ɗaya ta bi ta Dauran zuwa Zurmi, ta wuce Jibiya a jihar Katsina. Layin dogo ya iso Ƙaura tun 1929, nan ne ma ƙarshensa, amma yau mota ce abin hawan matafiyi.

Ba wanda zai ba ka shawarar gaskiya ya ɓoye maka cewa shekara da shekaru 'yan bindiga na tare waɗannan hanyoyi, musamman daga Ƙaura zuwa gaba. Idan ba dole ba, a yi bikin a Gusau ko Ƙaura, dangi su sauko. Idan kuwa tafiyar ta zama dole, ka kira masu masaukinka a daren da za ka taso, ka sake kiransu da safe. Ka shiga mota a tasha, ka tambayi direbobi halin da hanya ta kwana, domin su ne ke fara jin labari. Kada ka yi sammakon da hanya ba kowa, kada kuma la'asar ta same ka a tsakanin garuruwa. Akan yi awanni ana jira a shingen jami'an tsaro, akan kuma rufe hanya ba shiri.

Wannan jira shi ne dalili na farko da ya sa ɗanyen nama ba abin ɗauko wa ba ne. Hunturu kan yaudari mutum, domin sanyin asuba ya sa ka ɗauka nama zai jure, alhali da rana zafi kan haura digiri 30, cikin but ɗin mota kuwa ya fi haka.

Talotalo bai biyan wahalarsa

Asalin talotalo daga nahiyar Amurka yake. Turawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga baya ya zama naman Kirsimeti a Ingila, inda a da dinya da naman sa suka fi yawa a teburin bikin. Al'ada ce ta wata ƙasa, babu inda addini ya wajabta ta.

A wannan yanki masu kiwonsa kaɗan ne, sai ya yi tsada. Daskararre kuwa, gwamnatin tarayya ta daɗe da haramta shigo da shi daga waje, don haka mafi yawan wanda ake gani a manyan birane ta ɓarauniyar hanya ya shigo, kuma ba ka san sau nawa ya narke aka sake daskarar da shi ba. Ko ka samu mai kyau, gasa shi ɗungurungum na buƙatar babban murhun gashi da awanni uku zuwa huɗu, abin da yawancin gidajen da za ka sauka ba su da shi. Wutar lantarki ma ba ta da tabbas, balle a ce za a ajiye ragowar.

Abin da ƙasar ke da shi

Zabo ne ya fi cancanta ya maye gurbin talotalo. Zabi na yin ƙwai da damina, don haka a Disamba 'ya'yan bana sun tasa, sun ci hatsin kaka sun yi nama. Namansa ba kitse, yana da ƙamshin da kazar gidan gona ba ta da shi, sai dai yana da tauri, yana son a ba shi lokaci a wuta. Zabo ɗaya kan ishi mutum uku zuwa huɗu idan da shinkafa da miya. Wajen saye, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka shafa ƙirjinsa. Idan ƙashin ƙirji ya fito kamar kaifin wuƙa, ramamme ne. Hunturu lokacin annobar kaji ne, don haka duk tsuntsun da ka ga yana gyangyaɗi, ko ya saki fukafukai, ko yana zawo, ka bar shi ko da an karya maka farashi.

Ga gida mai mutane da yawa, akuya ta fi. Nan ne ƙasar jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare. Ka nemi taure matashi, wato wanda aka dandaƙe, domin namansa ya fi laushi kuma ba ya warin bunsuru. Idan rago kake so, za ka samu uda mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, da balami, da ɗan ƙasa. Ka sa a ranka cewa kusan rabin nauyin dabba ne ke zama nama da ƙashi bayan an feɗe.

Wanda aljihunsa bai kai ga dabba guda ba sai ya nemi shiga watanda. Gidaje su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowane kashi da tsoka, da ƙashi, da ɗan kayan ciki. Sai dai watanda ba a shigarta ranar yanka. Ka aika wa mai masaukinka kuɗi tun farkon wata ya sa sunanka. Ga kuma kazar gida, da agwagwa, da 'yan shila don farfesun tsofaffi.

Kasuwar Shinkafi, mai ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki. Akwai kuma Kasuwar Daji a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, da ta Dauran a ƙasar Zurmi. Amma ka tambaya kafin ka dogara da su. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar, kuma irin wannan mataki kan dawo a wasu wurare idan al'amura suka rincaɓe. Baƙo bai kamata ya shiga kara shi kaɗai ba. Ka tafi da ɗan gari, a bi ta hannun dillalin da aka sani. Dabbar da aka yi maka tayinta a gefen hanya da arha mai yawa, ka guje ta, domin satar shanu da awaki na cikin abin da ya addabi yankin. Idan nama kilo-kilo kake so, je wurin rundawa da hantsi, lokacin da yankan safe bai daɗe da isowa daga mayanka ba.

Hanyoyi uku na ajiye nama ba firji

Duk gidan Bahaushe ya san yadda ake sa naman layya ya kai makonni, kuma dabarar ɗaya ce: a raba nama da ruwa. Ruwa ne ke ba ƙwayoyin cuta wurin zama.

Ta farko ita ce suya. A yanka tsoka madaidaiciya, a tafasa da gishiri, albasa, citta, tafarnuwa da kanumfari, da ruwa kaɗan, har ruwan ya tsotse. A tsame a baza a tire ya sha iska, sannan a soya a man gyaɗa ko a kakiden dabbar. Kunne ne ke gaya maka ya yi: muddin mai na tsartsatsi yana ƙara, akwai sauran ruwa, idan ƙarar ta lafa, kumfa ya kwanta, naman ya yi ja ya ƙanƙance, to ya soyu. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, domin gumin murfi shi ke jawo fumfuna. A zuba a kwanon da ya bushe, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, kada a sa hannu. Zabo da kaza ma haka ake yi musu, amma su a cinye cikin kwana biyu zuwa uku, ana sake ɗumama su a mai kullum, saboda jikin ƙashi ba ya bushewa sosai.

Ta biyu dambun nama. A dafa tsoka zalla, ba kitse ba jijiya, har ta fara rabuwa da kanta. A zuba a turmi a daka ta koma zare-zare, a mayar kasko da mai kaɗan da yaji, a yi ta juyawa a wuta marar ƙarfi. Aiki ne na haƙuri, yakan ci awa guda ko fiye. Alamar ya yi ita ce ka damƙa a hannu ka sake, ya warware bai dunƙule ba. Wanda ya bushe haka yana yin makonni. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai son ya taho da tsaraba daga gida, domin ba ya tsoron jiran hanya, kuma idan tafiya ta tsaya guzuri ne a hannu. A tuna nama na raguwa sosai, kilo biyu na ɗanye da kyar ya ba da kilo ɗaya na dambu.

Ta uku kilishi, wanda hunturu ne lokacinsa saboda iska a bushe take. Ana feɗe jan nama fale-fale, a shanya a kan karan dawa ko tabarma, ya bushe, a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da barkono, citta, masoro, kimba da albasa, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa garwashi. Feɗe shi sana'a ce, don haka baƙo ya fi kyau ya ba mai kilishi aikin kwana uku kafin biki. A naɗe shi a takarda mai tsabta, domin leda na sa shi gumi.

Kayan ciki ba sa shiga wannan lissafi. Hanta, huhu, tumbi da hanji a yi farfesunsu a ranar da aka yanka, a cinye a ranar.

Ƙa'idar da ba a wasa da ita

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Wannan ya shafi miya, farfesu, romo da shinkafa, wato duk abin da ke da ruwa. Don haka kada a yi miya tun jajibiri, a bari sai ranar biki a haɗa ta. Kular abinci tana riƙe zafi na 'yan awanni ne kawai. Shinkafar da aka zuba da hantsi kada ta kwana a ciki. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa kabeji ko tumatirin da za a ci ɗanye. Neman asibiti cikin dare a waɗannan garuruwa babbar wahala ce, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Yadda za a raba kwanakin

Ka yi ƙoƙari ka isa kafin 22 ga Disamba. A ranar ko washegari a sayi dabba, a ba mai kilishi aikinsa. Ranar 23 a yanka da safe, a yi farfesun kayan ciki, a tafasa nama a soya, a yi dambu. Ranar 24 a soya zabi, a niƙa kayan miya a soya su a mai har ruwansu ya ƙone. Ranar 25 abin da ya rage shi ne shinkafa da haɗa miya, uwargida ma ta samu zuwa coci da sauran jama'a. Ka taho da kuɗin hannu daidai buƙata daga Gusau ko Ƙaura, saboda intanet kan ɗauke, masu POS su tsaya.

Hakkin maƙwabta

Mafi yawan mutanen waɗannan garuruwa Musulmi ne, kuma jihar na bin tsarin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Kada ka taho da giya ko naman alade. Idan za a yanka dabba, a kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka, kamar yadda Kiristocin da suka daɗe a nan suka saba yi, domin kwanon da za a aika maƙwabta ya karɓu ba tare da ɗar-ɗar ba. Su ma da Sallah sukan aiko.

Ka kuma tuna garuruwan nan cike suke da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, wasu sun yi watanni ba su ga nama ba. Tun wajen kasafi a ware musu kashi guda, a ba mai unguwa ko wani dattijon da ya san su ya raba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya kuma kawo wa Zamfara zaman lafiya mai ɗorewa.