Darasin Kiwon Lafiya: Sake Koya wa Shanyayyen Jiki Motsi

'Yan'uwa, mutanenmu da yawa sukan tafi cin rani Kano, wasu suna dako a Kantin Kwari da ke Fagge, wasu gadi ko tireda a kasuwar Sabon Gari. Wani lokaci akan dawo mana da ɗayansu a kwance, hannu da ƙafa na gefe guda sun shanye, baki ya karkace. Nan take sai a ce jifa ne ko iska. Galibi kuwa hawan jini ne da ba a kula da shi ba, har jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Duk wanda aka ga waɗannan alamu gare shi, a kai shi asibiti nan da nan.

Mu lura da wannan: ciwon ba a hannu yake ba. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta jijiyoyi kafin hannu ya motsa, kuma ɓangarenta na hagu ne ke juya gefen dama na jiki. Hanyar saƙon ce ta lalace. Amma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe wata, kamar yadda ƙafa ke fitar da sabuwar hanyar gona in ruwa ya cinye tsohuwar. Sai an bi ta kullum take fitowa.

Tun a shekarun 1940 Berta Bobath da mijinta likita Karel suka fara irin wannan jiyya a Landan, suna riƙe gaɓar mai ciwo suna bi da ita har jiki ya tuna motsin daidai. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa abin da ya fi amfani shi ne maimaita aikin da mutum yake bukata. Tausa da man zafi suna sassauta jiki, ba mu hana ba, amma ba su koya wa ƙwaƙwalwa kome. Mai ciwon ne zai yi ƙoƙarin ɗaukar kofi, da ɓare gyaɗa, da tashi daga kujera, sau da yawa a yini. A nan tausayinmu yakan yi ɓarna, domin mukan yi masa kome har da ba shi tuwo a baki, shi kuma ya saba da hannu mai lafiya ya manta da ɗayan. Wata uku zuwa shida na farko ne aka fi samun sauƙi da sauri, kada su ƙare a kan tabarma.

Kada a ja shanyayyen hannu in za a tashe shi, kafaɗar tana iya gocewa. Kada a gasa shi da ruwa mai zafi sosai, domin yakan ƙone bai ji ba. Wanda ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2 saboda gyambo.

A Kano akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, akwai kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mun san kuɗin mota ba zai bari a riƙa zuwa kowane mako ba. Don haka wanda zai yi jinya a gida shi ne ya kamata ya raka mai ciwon, ya roƙi ma'aikacin ya nuna masa kowane motsi, ya gwada a gabansa kafin su taso. Maganin hawan jini kuwa a ci gaba da sha ko da an fara takawa, domin ciwon yakan sake bugowa.