Darasi na 9: Ɗaurin matsewa don kumburin ƙafa

'Yan uwa mata, wata mamba a ƙungiyar da nake jagoranta ta yi makonni uku ba ta kawo zubinta ba. Da na je gidanta, sai na tarar ƙafafunta sun kumbura, ta daina fita suyar ƙosai. A asibiti aka auna ta, aka ba ta safa mai matsewa, kuma yanzu ta koma sana'arta. Wannan ne ya sa na kawo mana darasin.

Yadda yake aiki

Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau ya koma zuciya. Idan jijiyoyi suka yi rauni saboda doguwar tsayuwa, yawan zama ko juna biyu, sai jini da ruwa su taru a ƙasa. Safar ko bandeji mai roba yana matse ƙafar, ya fi ƙarfi a idon sawu, yana sassautawa zuwa gwiwa, don ya taimaka wa jinin ya hau. Ana amfani da shi ga masu kumburarrun jijiyoyi, masu tundurmi, da wanda ya yi targaɗe.

Abin kiyayewa

1. Ma'aikacin lafiya ne zai auna ki. Kada ki ari ta maƙwabciya.
2. Ki sa da safe kafin kumburi ya taso, ki cire lokacin barci, sai in an ce miki ki bari.
3. Kada ki naɗe bakinta, zai shaƙe jini.
4. In yatsu sun yi sanyi, sun canja launi ko sun yi dindiris, ki cire nan take.
5. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya kada ta sa sai likita ya yarda.

Kumburin da ba na ɗauri ba ne

In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko mai ciki ta ga fuska da hannu sun kumbura ga ciwon kai, a tafi asibiti ranar, kar a jira.

Mu tattauna

Robar safar tana saki bayan kamar wata 6, sai an sake saya. Shin asusun taimakonmu zai iya ɗaukar wannan? Kyauta za mu bayar ko rance marar riba? Mu yanke shawara yau, sakatariya ta rubuta.