Aikin Sa-kai a Asibitocin Ƙetare: Daga Ina Ake Farawa?

Duk lokacin da hira ta yi daɗi a ɗakin kwanan ɗalibai, sai ka ji wani ya ce shi da ya gama, waje zai fita ya yi aikin lafiya. Buri ne mai kyau. To amma ɗan'uwa, ka san hanyoyin da ake bi, da abin da za a tambaye ka?

Hanya ta farko ta gwamnati ce. A 1987, zamanin Janar Babangida, aka kafa shirin TAC a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Yana tura likitoci, ma'aikatan jinya da malamai zuwa ƙasashe irin su Gambiya, Uganda da Jamaika, su yi shekara 2. Ta biyu ita ce ƙungiyoyin agaji, kamar MSF, wato Likitoci Na-gari-na-kowa, wadda aka kafa a Faransa a 1971. Ta uku kuwa, tawagar lafiya da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke kai wa Makka da Madina kowace shekara.

Ko wacce ka bi, akwai abu huɗu da ba makawa:

1. Lasisi. Takardar difloma kaɗai ba ta isa. Sai ka yi rajista da hukumar da ke kula da fanninka, ko jinya ne, ko awon jini, ko lafiyar al'umma.

2. Gogewa. MSF kan nemi aƙalla shekara 2 na aiki bayan gama karatu. Ba a kai mutum asibitin wasu ya koyi neman jijiya a jikin 'ya'yansu.

3. Harshe. Turanci dole ne. Faransanci kuma shi zai buɗe maka Nijar, Chadi da Kongo.

4. Takardu. Fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka guje shi.

Ina za a samu gogewar? A gida. Ni ɗan Shanono ne, na san yadda ƙananan asibitocinmu ke cika da yara daga Agusta zuwa Oktoba: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tamowa. A nan ake koyon gwajin zazzaɓi da ɗigon jini, da auna damtsen yaro da zaren awo. In ya gaza santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani, ba a jira. A nan ake koyon lallashin uwar da ke son komawa gida saboda aikin gona. Irin wannan aikin MSF ta daɗe tana yi a Madarunfa ta jihar Maraɗi, inda Hausarka ma jari ce.

Kada kuma a ɗauka yawon buɗe ido ne. A watan Disamba na 2014, ma'aikatan lafiya 'yan Najeriya sun tafi Laberiya da Saliyo yaƙi da Ebola a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, watanni kaɗan bayan cutar ta kashe Dakta Stella Adadevoh a Legas. Sun san abin da za su tarar, suka tafi. Saboda haka ka yi shawara da iyaye, ka karanta yarjejeniya sosai, ka tambayi wa zai ɗauki nauyinka in ka kwanta ciwo a can.

Hutun nan mai zuwa, ka je asibitin garinku ka gaida shugaban wurin, ka roƙi a bar ka ka taimaka, ko da rubuta kati ne ko auna nauyin yara. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka koya kullum, ranar tafiya kuma ka nemi takardar shaida. Da ita za ka fara.